Ranar da Aka Ce In Mai da Wuƙa Kube

Sun kashe ɗana a bakin garke da hantsi, suka kore shanun, ni kuma suka bar ni da harsashi a cinya. A kan babura suka zo. Wanda ya nuna musu hanyar garken ɗan maƙwabcina ne, yaron da na yanka ragon sunansa da hannuna. Ya bi su daji, har yau ba a sake ganinsa ba. Mu kuwa duk ƙauyen muka kwashe, muka baro gonakinmu can bayan Shagari, muka zo Bodinga muka raɓe a gidajen dangi. Uban yaron ma tare muka zo. Tela ne, tsoho kamar ni. Tun ranar ban ce masa uffan ba.

Sa guda ya kuɓuce musu. Wani da ya koma ɗebo hatsi ya tarar da shi tsaye a bakin garken da babu kowa, ya jawo mini shi. Na ce wannan na sadakar ɗana ne, ranar arba'in zan yanka shi, kowane gida na ƙauyenmu ya samu kaso. Arba'in ta zo ta wuce, san yana ɗaure. Mutane suna cewa harsashin ba a cinya kaɗai ya tsaya ba, ya taɓa mini kai. Kaina ƙalau. Abin da ya riƙe hannuna wani abu ne da na gani ina saurayi, a ƙasar gabas, wurin mutanen da ba addininmu ɗaya ba.

Ni mahauci ne, ɗan mahauci. Ban yi boko ba, wannan ma faɗa na yi aka rubuta. Gemu bai fito mini sosai ba kawuna ya ɗauke ni cin rani zuwa wani gari a gindin duwatsu, tafiyar da sai ka sauya mota ka sake sauyawa. Ya ce damina na faɗuwa za mu dawo. Damina ta faɗi sau da yawa muna can. A bayan garin akwai wata makaranta inda ake koyar da masu wa'azin Kirista. Ni a zatona yara zan gani da allo ko littafi. Sai na tarar da magidanta, wasu da furfura, kowa da matarsa da 'ya'yansa da akuyarsa, an ba shi ɗaki biyu na laka da gona a bayan ɗakin. Da asuba a buga wani tsohon ƙarfen mota da aka rataye a icen mangwaro, maza su shiga aji. Matan ma suna da nasu ajin a gindin itace, da goyo a baya suna haɗa baƙi. Rana na karkatawa kowa ya tuɓe rigar aji ya ɗauki fartanya, har malamansu. Na ga babban malamin makarantar, wanda suke ce wa Baba, yana kwasar kashin shanu da kwando zuwa gona. A wurinmu malami irin wannan ko butarsa ba za a bari ya ɗauka ba.

Ni nake kai musu nama ranar kasuwa, ni nake yanka musu in suna da sha'ani, domin suna aika wa maƙwabtansu Musulmi da Fulanin da ke kawo musu nono, suna son kowa ya ci ba shakka. A bayan aji nake fiɗa, gab da taga, don haka karatunsu ya shiga kunnena ko ban so ba. Ba irin karatun da na sani ba ne. Baba sai ya karanta wuri guda a Littafinsu, ya rufe, ya jefa musu tambaya, ya koma gefe ya bar su suna musu kamar masu cinikin jaki. Wata rana na ji ya ce, ɓarawo ya shigo maka gida da adda, ga taɓarya kusa da hannunka, me za ka yi? Aka kwashe hantsi ana gardama. Wani ya ce zai ba ɓarawon abinci. Na leƙa ta taga da wuƙa a hannu na ce, "Ku aiko shi wurina." Ajin ya fashe da dariya, har Baba. Amma da gaske suke. Ba sa ɗaukar makami, ba sa shiga soja. Ba sa yi wa jariri wankan shiga addini, sai mutum ya girma ya buɗe baki ya ce yana so, sannan a kai shi rafi a dulmuya. Da yamma in ka bi ta gonakin sai ka ji mutum shi kaɗai yana ɗaga murya, yana yi wa karan dawa wa'azi, wai gwaji yake kafin ranar da malamai za su saurare shi.

Kuma ba sa rantsuwa. Wannan ya fi ba ni mamaki a farko, don mu mahauta da rantsuwa muke sayar da nama. Na taɓa miƙa wa Baba tsoka na ce, "Wallahi, Baba, na yau ne, ko awa biyu bai yi ba." Ya juya ta a hannu ya ce, "To, Basakkwace, na makon jiya da ba ka rantse ba fa, na yaushe ne?" Daga ranar 'yan makarantar suka sa mini suna Wallahi. Yara na hango ni da tire sai su ruga suna ihu, ga Wallahi, ga Wallahi.

A ƙarshen kowace shekarar karatu, kafin waɗanda suka gama su koma garuruwansu, suna yin wani taro da suke kira abincin ƙauna. A yanka sa, a dafa, kowa ya zauna a ci tare, kuma kafin a ci sai sun wanke wa juna ƙafa. Amma akwai sharaɗi. Kafin ranar, Baba da wasu dattawa biyu za su bi ɗaki ɗaki su tambayi kowane baligi, shin akwai wanda kake riƙe da shi a zuciya cikin jama'ar nan? In kowa ya ce babu, sai a kira ni. Shekarun farko ban ma san ana wannan zagayen ba. Ni dai a kira ni, in kayar, in yanka, in tafi da fata da kai.

Akwai ɗalibai biyu da na fi sabawa da su. Sunayensu na Littafi ne, sun ɓace mini. Ɗaya ina ce masa Dogo, mutum mai nauyin baki, da 'yarsa ƙarama wadda ta fara tafiya, kullum tana riƙe da ƙafar wandonsa. Ɗayan Mai Dariya, shi ke kula da shanun huɗar makarantar, guda biyu, don ya iya da su. Ana saura kaɗan a gama shekara, ranar wata jarrabawa, aka buga ƙarfen shiga aji, Mai Dariya kuwa yana ba su ruwa. Ya yi sauri, ya sagala igiyar ɗayan a turke bai ɗaure ba, ya ruga aji. San ya zare ya bi tsakanin ɗakuna. Yarinyar Dogo tana wasa a hanya, ya bi ta kanta. Kafin a kai ta asibitin gari ta cika.

Na zo washegari da wuƙa ba wanda ya kira ni. A wurinmu san da ya yi kisa ba ya kwana. Na tarar da Dogo zaune a ƙofar ɗakinsa, na yi masa gaisuwa, na ce, "Nuna min shi in gama da shi." Bai ɗago ba. Ya ce, "Sa bai san kome ba." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Sai na gane ba san ne a ransa ba, wanda ya saki igiyar ne.

Ranar abincin ta zo. An sayi wani bijimi daban, ja, an ɗaure a icen mangwaro. Na iso da sassafe da wuƙaƙena da igiya, na tarar ba a hura wuta ba, ba tukunya, ba kowa sai Baba zaune a kan kututture.

Ya ce, "Wallahi, mai da wuƙarka kube. Yau ba yanka."

Na ce, "Mi ya faru, Baba? San na da ciwo?"

"San lafiyarsa lau. Mu ne ba lafiya. Mun tambayi Dogo, ya ce akwai wanda yake riƙe da shi."

"To ai da gaskiya tai. Ku ci ba da shi ba mana, ko ku sallami wancan da ya saki igiya."

Baba ya dube ni ya ce, "In ƙafarka guda na ciwo, a gida kake barin ta ka tafi kasuwa?"

Mutane sun fi cikin kasuwar ƙauye, da mata da yara da baƙin da suka zo daga nesa, duk an hana su nama saboda zuciyar mutum ɗaya. Na koma da wuƙa a bushe. Kawuna ya ce, "Kai dai ka ga abin da ka gani, kama bakinka."

Mako ya zagayo, aka sake tambayar Dogo, ya ce akwai. Wani makon ma haka. Baƙi suka gaji suka tafi. Bijimin nan ya ci harawar makaranta har wuyansa ya ninke, yara suka saba da shi suna hawa bayansa. Waɗanda suka gama karatu ba halin tafiya, don ba a sallamar kowa sai an ci abincin, ga hadari ya fara haɗuwa, gonakinsu na can garuruwansu ba shara. Ba waliyyai ba ne, kada wani ya ce na ce haka. Na ji gunaguni da kunnena. Na ji wata mata a bakin rijiya tana cewa wasu ma sun binne 'ya'ya ba su tsayar da duniya ba. Mai Dariya kuwa dariyar ta ƙare, ya rame kamar kara. Ya je ƙofar Dogo ya durƙusa ba sau ɗaya ba, Dogo ya tashi ya shige ɗaki. Daga baya ya ɗaure kayansa zai bar makarantar don jama'a su huta. Baba ya tare shi a hanya, ya sauke masa kayan da kansa, ya ce tafiya ba sulhu ba ce. Karatu kuma bai tsaya ba. Kullum ƙarfe ya buga su shiga aji, su biyun a benci daban, kuma ban ji Baba ya juya darasi ya soki Dogo ko da habaici ba.

Ni ne na kasa haƙuri. Na samu Dogo a bayan ɗakinsa yana gyaran ƙotar fartanya, na tsuguna na ce, "Dogo, kai ko wane irin mutum ne? In sunka zo ka ce babu. Kalma guda ce. Cikinka wa ya gani? A ci nama, kowa ya kama gabansa, kai da shi ba ku ƙara haɗuwa har abada."

Ya ajiye ƙotar. Ya buɗe tafukan hannunsa ya nuna mini, manya ne kamar faranti. Ya ce, "In na ce babu, da waɗannan zan wanke masa ƙafa. Su kuwa wuyansa suke so. Kana so in yi wa ruwan ƙarya?"

Na tashi na bar shi da ƙotarsa. Ni da nake rantsuwa a kan tsokar jiya, ga mutum an ba shi ƙaryar da ba mai kama shi, kowa ma roƙonsa yake ya yi ta, ya ƙi.

Ruwan farko ya sauka. Da aka ga tafiya ba ta yiwu ba, kowa ya fita huɗar gonar makaranta, ana bi da bi da shanun nan biyu. Garmar shanu aikin mutum biyu ce, ɗaya ya ja a gaba, ɗaya ya riƙe a baya, kuma shanun ba sa bin kowa sai Mai Dariya. Da layi ya zo kan gonar Dogo, kowa ya zaci zai ce a tsallake. Na zo wucewa da tire a kai na gan su. Mai Dariya a gaba riƙe da igiyar san nan da ya yi kisan, Dogo a baya riƙe da garma. Ba mai magana. Sai ƙarar ƙasa tana tsagewa da numfashin shanu. Suka kai ƙarshen kunya suka juyo, suka sake kaiwa suka juyo. Mai Dariya ba ya ganin gabansa don hawaye, ya fara jan shanun a karkace. Sai na ji muryar Dogo ya ce, "Ka karkata. Koma dama."

Shi ke nan. Ba runguma, ba wa'azi. Mai Dariya ya koma dama, suka ci gaba da huɗa har rana ta take.

Da dattawa suka sake zagayowa, an ce Dogo cewa ya yi, "Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Amma zan iya riƙe ƙafarsa." Baba ya ce wannan ya isa. Aka aiko a kira ni.

Ban taɓa yanka sa mai kitsen wannan ba. Da na gama fiɗa ban tafi ba, na tsaya a tagar da na saba. Maza a gefe guda, mata a ɗaya gefen, kowa ya tuɓe takalmi. Kwano da ruwa da tsumma na zagayawa, ka wanke wa na kusa da kai, shi kuma ya wanke wa na gaba. Dogo ya tashi daga wurinsa, ya tsallake mutane, ya durƙusa gaban Mai Dariya. Ni sana'ata kama ƙafa ce. Na san yadda ake kama ta don a kayar, na san inda jijiya take. Na zuba wa hannun nan ido. Ya ɗauki ƙafar ya sa a ruwa. Ƙafar manomi ce, duk faso da laka. Ya bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da ƙaya a diddige, ya tsaya ya cire ta da farce. Ya daɗe a kan ƙafar nan har waƙar da suke yi ta ƙare aka sake ɗauko ta daga farko. Na bar fata da kai a wurin na tafi gida, sai washegari na tuna da su.

Wannan zamani ya wuce. A lokacin mutum zai kwana a garke da sanda kawai, don kura. In an ji ƙarar babur yara fita suke yi kallo, yanzu rugawa suke cikin dawa. Wani mai kawo busasshen kifi daga gabas ya gaya mini a kasuwar Shagari cewa makarantar ma an shige ta da bindiga shekarun baya, mutanen suka watse cikin duwatsu, daga baya wasu suka koma suka sake rataya ƙarfen. Na tambaye shi ko sun rama. Ya ce da me? Na tambaye shi wani dogon mai wa'azi mai manyan hannuwa, ya ce bai san shi ba. Baba dai na san ƙasa ta daɗe da rufe shi. Ban bar addinina ba, su ma ba su taɓa cewa in bari ba. Amma abin da ido ya gani ba ya komawa.

Da arba'in ɗin ɗana ta matso, mutanen ƙauyenmu suka zo suka same ni. Wani ƙanen matata ya ce, "A yanka a raba, a tsallake gidan Tela. Wa zai ga laifinka?" Wani kuma ya ce, "A'a, a aika mai da ɗan kaso ta hannun yara, a rufe bakin mutane, ba sai kun haɗu ba." Na duba na farko, na duba na biyu. In na tsallake shi, sadakar ta zama ta gayya, ɗana kuwa ba ya bukatar irin wannan a inda yake. In aika masa kuma, da wane hannu? Na ce musu yau ba yanka. 'Yata, wadda nake zaune a gidan mijinta, ta ce, "Baba, wanga sa zai cinye mu da harawa." Na ce na taɓa ganin wanda ya fi shi ci.

Tela bai zo ya durƙusa mini ba. Ba shi da fuskar zuwa. A masallacin unguwa can baya yake tsayawa, a yi sallama ya sulale. Ba mai ba shi ɗinki. Ba mai gaishe shi sai a ciki-ciki. Shi bai nuna wa kowa hanya ba, na sani. Amma duk lokacin da na ga ƙeyarsa, ƙeyar ɗansa nake gani.

Shekaranjiya da la'asar na fito alwala, ina jan ƙafata. Butocin masallaci duk suna hannun mutane, wanda ya gama sai ya miƙa wa wani ta bayan Tela, kamar ba ya wurin. Yana tsugune a gefe yana jira, an kusa ta da salla. Na gama tawa, da sauran ruwa a butata. Ban miƙa masa da hannu ba. Da ƙafa na tura ta gabansa. Ya dubi butar, bai dube ni ba. Ya ɗauka ya fara alwala. Ya zo kan ƙafa ya shafa sama-sama zai miƙe.

Na ce, "Ka bar diddige."

Ya koma ya tsuguna ya wanke diddigen. Ya daɗe yana wanke shi. Muka shiga sahu, ban san ta yadda aka yi ba kafaɗarsa na jikin tawa.

Ban yafe wa ɗansa ba. In na ce na yafe na yi ƙarya, kuma na daina rantsuwa a kan naman jiya. Amma na gaya wa mijin 'yata ya sanar da mutanenmu za a yanka san gobe bayan sallar asuba, ya kuma gaya wa Tela ya zo da kansa da kwanonsa, ba yara ba. In na kayar da san, ina bukatar mai riƙe mini ƙafar baya, cinyata ba ta da ƙarfin da.

Yanzu ina Bodinga, a zauren gidan da ba nawa ba, da dutsen washi tsakanin ƙafafuna. San yana ɗaure a gindin darbejiya yana tuƙa. Wuƙar na fito da ita daga kube.